Idan Abokin Hamayya Ya Fi Ka Ciniki: Darasi Daga Kasuwar Na'urorin Wasan Bidiyo

Sharhinmu na yau zai leƙa wata kasuwa da mutane da yawa ke yi wa kallon ta yara, alhali biliyoyin daloli ne ke juyawa a cikinta kowace shekara, wato kasuwar na'urorin wasan bidiyo. Manyan kamfanoni uku ne suka rage a fagen: Sony na Japan mai PlayStation, da Nintendo shi ma na Japan mai Switch, da Microsoft na Amurka mai Xbox. Duk wanda ya taɓa giftawa ta gidan gem a Kano ko Kaduna ko Maraɗi da yamma, ya ga samari sun yi cincirindo gaban talabijin ana buga ƙwallon PES ko FIFA, ya san kayan waɗannan kamfanoni sun daɗe da shigowa unguwanninmu, ko da yake yawancinsu na hannu ne. Abin da za mu duba shi ne, idan ɗayansu ya wayi gari ya ga alƙaluma sun nuna abokin hamayyarsa na sayar da na'ura ninki biyu na tasa, me ya kamata ya yi? Ra'ayina shi ne, ya kawar da ido daga abokin hamayyar na ɗan lokaci, ya binciko dalilin da ya sa mai saye ya ɗauki na'urarsa ya duba ya ajiye, sannan ya gyara wannan dalilin kai tsaye, ko da gyaran zai ci masa kuɗi ya kuma taɓa girmansa. Tarihin shekara 30 na wannan kasuwa ya nuna cewa waɗanda suka yi haka sun farfaɗo, waɗanda kuma suka bi hanyar gaggawa ko kwaikwayo sun ƙara nutsewa.

Kafin mu shiga hujjoji, ya kamata mu fahimci abin da ke sa alƙaluman ciniki su tayar wa shugabannin waɗannan kamfanoni hankali. Ita na'urar kanta ba kasafai ake samun wata ribar kirki a kanta ba, sau da yawa ma a kan asara ake sayar da ita a shekarun farko. Ribar tana cikin wasannin da mutum zai ci gaba da saye shekara da shekaru, da kuɗin rajistar da yake biya wata-wata don ya yi wasa da abokansa ta intanet, da kuma kason da mai na'ura ke yanka a kan kowane wasa da wani kamfani ya sayar a shagonsa na intanet, wanda galibi kashi 30 cikin 100 ne. Saboda haka kowace na'ura da ta shiga gida tamkar rumfa ce da kamfanin ya kafa a falon mutum. Idan na'urorin abokin hamayya suka fi yawa a gidaje, masu ƙirƙirar wasanni za su karkata wajensa, wasanninsa su ƙaru, masu saye su ƙara bin sa, abu ya yi ta juyawa yana ƙara faɗi. Tsoron yana da tushe. Matsalar ita ce abin da tsoron ke tura mutum ya aikata.

Kamfanin Sega shi ne misali mafi bayyana na abin da gaggawa ke haifarwa. A 1995 ya shirya fitar da na'urarsa Saturn a Amurka cikin watan Satumba, daidai lokacin da Sony, wanda baƙo ne a harkar, zai fitar da PlayStation ta farko. Don ya riga Sony shiga kasuwa, sai shugaban reshensa na Amurka, Tom Kalinske, ya hau mumbari a baje kolin E3 na watan Mayu ya sanar da cewa Saturn ta riga ta isa shaguna, a kan dala 399. Wasannin da suka fito tare da ita 'yan kaɗan ne, domin masu ƙirƙira sun yi lissafin Satumba. Manyan dillalan da ba a ba su kaya a zagayen farko ba suka fusata, har shagunan KB Toys suka ƙi ɗaukar na'urar. A wannan taron dai, jami'in Sony Steve Race ya tako gaban makirufo, ya faɗi lamba guda, 299, ya koma ya zauna. Sauri ya haifi nawa. Saturn ta ƙare da sayar da kusan miliyan 9, PlayStation kuwa ta haura miliyan 100. Da Sega ya ga an yi masa nisa, sai ya yi watsi da Saturn da wuri ya fito da Dreamcast a 1998. Dreamcast na'ura ce mai kyau, amma waɗanda suka sayi Saturn da wata na'urar haɗi mai suna 32X da ta gabace ta sun riga sun ji a jikinsu, kuma kamfanin Electronic Arts, mai wasan FIFA a lokacin, ya ƙi yi mata wasa ko ɗaya. A 2001 Sega ya bar sana'ar ƙera na'ura baki ɗaya.

Hanya ta biyu da tsoro ke nunawa ita ce kwaikwayo. A ƙarshen 2006 Nintendo ya fito da Wii a kan dala 249, na'ura mai ƙarancin ƙarfi idan aka gwada ta da takwarorinta, amma ana sarrafa ta da motsin hannu, ta yadda kaka da jika za su iya buga tanis a tsakiyar falo. Ta yi ciniki irin wanda ba a zata ba, daga ƙarshe ta haura miliyan 101. Sony da Microsoft suka bi sahu a 2010, ɗaya da PlayStation Move, ɗaya da Kinect, wata kyamara mai karanta motsin jiki. Kinect ta sayar da miliyan 8 cikin kwana 60 na farko, kuma wannan nasarar ce ta ruɗi Microsoft. Da zai fitar da Xbox One a 2013, sai ya haɗa ta da Kinect dole, farashi ya zama dala 499, ya kuma ɓata mafi yawan lokacin gabatarwa yana bayanin yadda za a kalli talabijin da ita. Ya ƙara da sharaɗin cewa sai na'urar ta haɗu da intanet aƙalla sau ɗaya cikin awa 24, tare da taƙaita ara ko sayar da faifan wasa na hannu. Ku ƙaddara mai gidan gem a unguwar da wuta ke zuwa ta ɗauke, wanda jarinsa faifai ne na hannu, me zai yi da irin wannan na'ura? Martanin Sony ɗan gajeren bidiyo ne da bai kai rabin minti ba: jami'insa Shuhei Yoshida ya miƙa wa abokin aikinsa Adam Boyes faifai hannu da hannu, aka ce ga yadda ake ba da aron wasa a PlayStation 4. Farashinta kuma dala 399. Microsoft ya janye waɗancan sharuɗɗa cikin watan Yuni na 2013, ya raba na'urar da Kinect a 2014, ya daina ƙera Kinect ɗin a 2017. PlayStation 4 ta haura miliyan 117, shi kuwa Microsoft tun 2015 ya daina bayyana adadin Xbox da yake sayarwa. Ya tafi neman masu sayen Wii, waɗanda a lokacin da yawansu sun koma wasa a wayar hannu, sai ya saki waɗanda ke hannunsa.

To me ya taɓa yin aiki? Mu dubi Sony ɗin da kansa a lokacin da shi ne a baya. Bayan PlayStation 2 ta sayar da fiye da miliyan 100, kamfanin ya shiga 2006 da girman kai, ya sa wa PlayStation 3 farashin dala 499 da 599, alhali masu bincike sun ƙiyasta kuɗin ƙera kowace ɗaya ya haura dala 800. Ga tsada ga asara, ga kuma ƙwaƙwalwar na'urar mai suna Cell da ta wahalar da masu ƙirƙirar wasanni. Xbox 360 ta riga ta shekara guda a kasuwa, Wii kuma na ta tashe. Abin da ya ceci Sony aiki ne marar armashi. Ken Kutaragi, wanda ake kira uban PlayStation, ya sauka a 2007, Kazuo Hirai ya karɓi ragama. Aka cire sassan da ke ƙara tsada, har da wanda ke ba na'urar damar karanta faifan PlayStation 2, aka sauko da farashi zuwa dala 399, sannan a watan Satumba na 2009 aka fito da ƙarama siririya a kan dala 299. A lokaci guda kamfanin ya zuba kuɗi a ɗakunan ƙirƙirarsa, waɗanda suka samar da wasanni irin su Uncharted 2 a 2009 da The Last of Us a 2013, waɗanda a lokacin ba a samun su a ko'ina sai a PlayStation. A ƙarshe PlayStation 3 ta kai miliyan 87, ta kamo Xbox 360. Da aka zo tsara PlayStation 4 kuwa, Mark Cerny, jagoran tsara ta, ya bi masu ƙirƙirar wasanni yana tambayarsu irin na'urar da suke so, aka gina ta bisa tsarin da ya yi kama da na kwamfutar da suka saba da ita.

Nintendo ma ya sha wannan gwaji sau biyu cikin 'yan shekaru. A 2011 na'urarsa ta hannu 3DS ta fito a kan dala 249, ciniki ya yi sanyi, wayoyin zamani na jan masu wasa, ga Sony na shirin fito da PlayStation Vita a farashi ɗaya. Kafin a cika wata shida shugaban kamfanin, Satoru Iwata, ya rage farashin zuwa dala 169. Ya ba waɗanda suka saya da tsohon farashi wasanni 20 kyauta don kada su ji an cuce su, ya kuma zaftare rabin albashinsa. Daga ƙarshe 3DS ta haura miliyan 75. Gwaji na biyu ya fi zafi. Wii U da ta fito a 2012 ta tsaya a miliyan 13 da rabi, mutane da yawa ma sun ɗauka wani ƙari ne da ake haɗawa da tsohuwar Wii. Masu sharhi suka yi ta kira ga Nintendo ko dai ya ƙera na'ura mai ƙarfin PlayStation 4, ko ya bar harkar na'ura ya koma wayar hannu kacokan. Ya ɗan taɓa wasannin waya, amma ƙarfinsa ya sa shi a inda ya fi kowa ƙwarewa tun zamanin Game Boy, wato wasan da ake ɗauka a tafi da shi. Switch ta fito a watan Maris na 2017 a kan dala 299, ana wasa da ita a hannu a kuma jona ta da talabijin, kuma ta haura miliyan 150. Akwai wata hujja da ke nuna cewa binciken ciwon ya yi daidai. Wasan tseren mota Mario Kart 8 ya sayar da kusan miliyan 8 da rabi a Wii U, da aka sake fitar da shi a Switch da 'yan gyare-gyare sai ya haura miliyan 60. Ashe wasannin lafiyarsu ƙalau, na'urar ce mutane suka ƙi.

Wani zai ce, ai duk wannan dogon bayani ma'anarsa a rage farashi ke nan, kuma rage farashi zubar da jini ne ga kamfanin da dama a kan asara yake sayarwa. Gaskiya ne rage farashi ba maganin kowace cuta ba ne. Nintendo ya sauko da GameCube zuwa dala 99 a 2003, amma ta ƙare a kusan miliyan 22, ko ƙurar PlayStation 2 ba ta gani ba. Sega ya yi ta rage kuɗin Dreamcast har ya rufe. Wii U ma an rage mata dala 50 a 2013 ba ta motsa ba. Ragin ya yi aiki a PlayStation 3 da 3DS ne saboda a can farashin shi ne abin da ya tsaya tsakanin mai saye da na'urar da yake so, kuma wasanni masu jan hankali sun biyo baya nan da nan. A yau ma wannan makami ya dakushe, domin kayan haɗa na'ura sun daina yin arha da sauri kamar da, har Sony ya ƙara kuɗin PlayStation 5 a ƙasashe da dama a 2022, shi da Microsoft kuma suka ƙara a Amurka a 2025. Shi ya sa na ce a fara da binciken dalili. Wani lokaci dalilin amana ce. Da Xbox 360 ta riƙa mutuwa a hannun masu ita, jajayen fitilu uku na kunnuwa a gabanta, Microsoft ya ware fiye da dala biliyan 1 a 2007 ya tsawaita garanti zuwa shekara 3 ya riƙa gyarawa kyauta. Wannan kuɗi ya fi duk wata talla amfani a gare shi, kuma Xbox 360 ta zama na'urarsa mafi ciniki.

Wani kuma zai ce, ya za a yi a kushe kwaikwayo alhali kowa a wannan kasuwa yana yi? Microsoft ne ya kafa tsarin wasa ta intanet na Xbox Live a 2002 yana karɓar kuɗin rajista, Sony ya fara karɓar irin wannan kuɗi a kan PlayStation 4. Microsoft ya kawo Game Pass a 2017, inda ake biyan kuɗin wata a buɗe wa mutum tarin wasanni, Sony ya sake fasalin PlayStation Plus a 2022 ya yi wani abu mai kama da shi. Haka ne, kuma babu laifi a ciki. Amma akwai bambanci tsakanin abin da ya riga ya zama buƙatar kowane mai wasa, wanda rashinsa zai kori naka masu sayen, da abin da abokin hamayya ya gina sunansa a kai. Na farko wajibi ne ka samar, na biyu kuwa ko ka yi shi za ka zama na biyu a cikinsa, kuma ka zo a makare. Sony bai ɗora makomar PlayStation a kan Move ba, ya bar ta a matsayin kayan ƙari ga mai so, shi ya sa bai ji ciwo ba da tashen motsin hannu ya wuce. Microsoft ya ɗora makomar Xbox One a kan Kinect. Mai sayar da abincin da ta ga layi ya koma rumfar maƙwabciyarta, kafin ta je sayen irin kwanukan maƙwabciyar gara ta ɗanɗana miyarta.

Suka mafi ƙarfi ita ce ta masu cewa zamani ya sauya. Da can kowace sabuwar na'ura sabon zubi ne, kowa na farawa daga sifiri. Yanzu mutum ya tara wasanni na ɗaruruwan daloli a asusunsa na intanet, abokansa duk suna can, kuma sabuwar na'urar kamfanin na karanta tsofaffin wasanninsa, don haka da wuya ya sauya sheƙa. Phil Spencer, wanda ya karɓi jagorancin Xbox a 2014, ya amince da haka a wata hira a 2023, inda ya nuna cewa zamanin Xbox One shi ne mafi munin zamanin da za a sha kaye a cikinsa, domin a lokacin ne mutane suka gina waɗannan taskoki. Bisa wannan lissafi Microsoft ya buɗe jaka. Ya sayi ZeniMax mai kamfanin Bethesda a kan dala biliyan 7.5, sannan Activision Blizzard mai Call of Duty a kan kusan dala biliyan 69, cinikin da aka kammala a watan Oktoba na 2023 bayan doguwar taƙaddama da hukumomin Amurka da na Birtaniya. Sai dai a cikin wannan taƙaddamar ya sa hannu kan yarjejeniyar barin Call of Duty a PlayStation, a watan Janairu na 2024 ya sallami ma'aikata 1,900 daga sashen wasanni, kuma a shekarar ya fara kai wasanninsa na gida irin su Sea of Thieves kan PlayStation 5. Mai yiwuwa wannan ya zama kasuwanci mai riba, domin mai sayar da wasa a kowace na'ura yana da masu saye da yawa. Amma sauya sana'a ne, kuma bai maido wa Xbox matsayinta a gidaje ba. Ita wannan suka ma tana ƙarfafa abin da nake faɗa, domin idan kuskuren watanni kaɗan a 2013 zai bi kamfani fiye da shekara 10, to sauraron mai saye tun kafin a fitar da kaya ya ƙara zama dole. Sannan ƙofar ba ta rufe gaba ɗaya ba. Switch ta fito ne a tsakiyar mulkin PlayStation 4, ba ta karanta faifan Wii U, kuma ta wuce PlayStation 4 ɗin a yawan ciniki, saboda ta ba mutane abin da ba su da shi a wani waje.

Saboda haka, masu sauraro, idan shugaban kamfanin na'urar wasa ya ga alƙaluman abokin hamayyarsa na hawa, aikinsa na farko ya tambayi masu saye da dillalai da masu ƙirƙirar wasanni abin da ya hana su zuwa wajensa, ya kuma yarda da amsar ko da ba ta yi masa daɗi ba. Idan farashi ne ya rage kuɗin ƙera ya sauko da shi, idan ƙarancin wasanni ne ya zuba jari ya jure shekara uku ko huɗu da wasa mai kyau ke ci kafin ya fito, idan amana ce ta karye ya biya kuɗin gyara ta. Idan kuwa zagayen ya riga ya kuɓuce, ya riƙe waɗanda suka saya hannu biyu har zuwa ƙarshe, ya shirya na gaba a kan abin da ya fi kowa iyawa. Masu hannun jari za su matsa masa ya yi wani abu mai ƙara cikin wata uku, kuma a nan ne ake gane shugaba. Sega ya yi gaggawa ya bar kasuwar, Microsoft ya yi kwaikwayo a 2013 har yau yana biyan bashin, Sony da Nintendo kuwa kowannensu ya taɓa faɗuwa ƙasa, ya gyara nasa laifin, ya dawo kan gaba.